Ibnul Haisam da Tambayar Yadda Ido Yake Gani

 Shirin faɗakarwa na wannan mako ya ta'allaƙa ne a kan rayuwa da ayyukan Abu Ali Alhasan ɗan Alhasan ɗan Alhaisam, wanda Larabawa suka fi sani da Ibnul Haisam, Turawa kuma suke kira Alhazen, malamin da aka haifa a birnin Basra na ƙasar Iraƙi wajen shekarar 965 Miladiyya, ya kuma rasu a birnin Alƙahira na Masar wajen shekarar 1040. Fagen da ya yi fice a cikinsa shi ne fiziks, wato reshen kimiyya da ke binciken dokokin da motsi da nauyi da zafi da sauti da haske suke bi, kuma a cikin wannan fage ya fi zurfafawa a sashen da ke nazarin haske da gani. Tambayar da ya tsaya a kanta ita ce abin da ke gudana tsakanin ido da abin da ake kallo har mutum ya ce ya gani. Amsar da ya bayar ta dace a wani ɓangare, ta kauce a wani, amma yadda ya kafa hujjarsa, ta hanyar kayan gwajin da kowane mai karatu zai iya ƙerawa ya jarraba da kansa, shi ne ya sa littafinsa ya zama madogarar masu wannan ilimi har kusan shekara 600.

Ya taso a lokacin da daular Abbasiyawa ta yi rauni, ikon Bagadaza ya koma hannun sarakunan Buwaihi tun shekarar 945, amma raunin siyasa bai taɓa kasuwar ilimi ba, domin a cikin ƙarni biyu da suka gabata an riga an fassara manyan littattafan Girkawa zuwa Larabci, kuma ɗalibi a Basra yana iya samun littafin Uƙlidis na handasa, wato lissafin layuka da kusurwoyi da siffofi, da littafin Baɗlamiyus na ilimin taurari, da rubuce-rubucen Jalinus na likitanci, da na Arisɗo, wanda Turawa ke kira Aristotle. A ɗaya gefen kuma Faɗimiyawa sun ci Masar a shekarar 969 sun kafa Alƙahira, suka gina masallacin Azhar, kuma halifansu Alhakim bi Amrillah, wanda ya yi mulki daga 996 zuwa 1021, ya buɗe gidan karatu da ake kira Darul Ilmi a shekarar 1005, yana janyo masana daga ko'ina duk da cewa ya yi suna wajen saurin fushi da hukunci mai tsanani.

Labarin zuwan Ibnul Haisam Masar ya fito ne daga marubuci Ibnul Ƙifɗi, wanda ya rasu a shekarar 1248. A ruwayarsa, labari ya kai kunnen halifa cewa wani masanin lissafi a Iraƙi ya ce da a Masar yake da ya yi wa kogin Nilu aikin da zai sa a amfana da shi ko ruwa ya cika ko ya ja baya. Wannan magana ba ƙarama ba ce a ƙasar da noma gaba ɗaya ya dogara ga ambaliyar shekara, wadda idan ta gaza a shiga yunwa, idan ta wuce kima kuma ta cinye gonaki da gidaje. Halifa ya aika masa da dukiya, ya fito da kansa ya tarbe shi, sannan ya tura shi kudu tare da magina da masassaƙa. A kan hanya ya riƙa ganin gine-ginen mutanen dā da irin gwanintar da ke cikinsu, sai gwiwarsa ta fara sanyi, domin ya fahimci cewa da aikin mai yiwuwa ne da waɗannan mutane sun riga shi yi. Da ya isa wurin duwatsun da ke kudu da Aswan ya duba yanayin kogin, ya tabbatar cewa abin ya fi ƙarfin kayan aikin zamaninsa, ya dawo ya ba halifa haƙuri. An ba shi wani muƙami a ma'aikatar gwamnati, amma saboda tsoron abin da ka iya biyo baya sai ya yi haukan ƙarya, aka ƙwace dukiyarsa aka yi masa ɗaurin talala a gida har zuwa shekarar 1021, lokacin da halifan ya fita da dare zuwa duwatsun Muƙaɗɗam bai sake dawowa ba. Daga nan ya bayyana lafiyarsa, ya zauna a wata ƙubba kusa da ƙofar Azhar, yana ciyar da kansa da kwafar littattafan lissafi da hannu: a kowace shekara yakan kwafi littafin Uƙlidis da na Baɗlamiyus da tarin ƙananan littattafan da ake karantawa a tsakaninsu, a saye su dinari 150. A yankin na Aswan ne dai aka gina madatsar ruwa ta farko a shekarar 1902, aka kammala babbar a 1970.

Labarin yana da daɗin ji, amma ya kamata a karɓe shi da hattara, domin an rubuta shi fiye da shekara 200 bayan aukuwarsa, kuma sauran marubuta sun saɓa masa. Baihaƙi, wanda ya riga Ibnul Ƙifɗi rubutu, ya ce halifa bai gamsu da tsarin ba tun farko, malamin kuma ya gudu zuwa Sham. Ibnu Abi Usaibi'a, marubucin tarihin likitoci da ya rasu a 1270, ya kawo wata ruwaya da ke cewa a Basra ne ya yi haukan ƙaryar, don a sauke shi daga muƙami ya samu sukunin karatu. Abin da mafi yawan masana suka yarda da shi shi ne cewa ya ƙare rayuwarsa a Alƙahira, kuma ya bar rubuce-rubuce kusan 100, waɗanda fiye da 50 daga cikinsu suka iso wannan zamani. Mafi girmansu shi ne Kitabul Manazir, littafin ilimin gani mai juzu'i bakwai.

Domin a gane nauyin wannan littafi, sai an san gardamar da ya tarar, wadda ta haura shekara dubu ana yin ta. Masana lissafi, ƙarƙashin jagorancin Uƙlidis da Baɗlamiyus, suna ganin cewa ido ne yake fitar da wasu tsirkiyoyi miƙaƙƙu, waɗanda suke bazuwa cikin siffar mazurari mai tsini a cikin ido da faɗi a kan abin da ake kallo, kuma duk abin da suka taɓa shi ake gani. Wannan ra'ayi yana da ƙarfi ta fuskar lissafi, domin yana bayyana dalilin da ya sa abu yake ƙanƙancewa idan ya yi nisa, tun da kusurwar mazurarin takan tsuke. Masana falsafar halitta, mabiya Arisɗo, suna cewa siffar abu ce take ratsa iska ta shigo ido, sai dai ba su da lissafin da zai nuna yadda siffar babban dutse za ta ratsa ɗan ramin da ke tsakiyar baƙin ido. Likitoci mabiya Jalinus kuma suna da nasu bayanin, cewa wani ruhin gani yana gangarowa daga ƙwaƙwalwa ta cikin jijiya ya fita ya mai da iska abin ji. Kowane ɓangare yana riƙe da abin da ɗayan ya rasa: wannan yana da lissafi, wancan yana da bayanin halitta, na uku yana da sanin sassan ido. Ko Alkindi, babban masanin Bagadaza na ƙarni na 9, wanda ya riga ya fahimci cewa kowane ɗigo a jikin abu mai haske yana watsa haskensa ta kowace fuska, ya tsaya ne a kan cewa daga ido gani yake fita.

Ibnul Haisam ya soma da abubuwan da kowa ya sani amma ba a ɗauke su hujja ba. Wanda ya kalli rana idonsa yakan yi zafi, kuma wanda ya daɗe yana kallon farin abu a cikin rana sannan ya juya zuwa wuri mai duhu zai ci gaba da ganin alamar abin na ɗan lokaci, ko da ya rufe ido. Waɗannan suna nuna cewa haske ne yake yin tasiri a kan ido daga waje. Daga nan ya yi wa masu ra'ayin fitar tsirkiya tambayar da ta rufe musu ƙofa: idan abin da ke fita daga ido jiki ne, to hankali ba zai karɓi cewa ɗan ƙaramin ido zai cika rabin sararin sama da zarar an ɗaga kai an kalli taurari, ba tare da ya ragu da komai ba, idan kuwa ba jiki ba ne, to ba zai iya jin komai ba, dole ne dai ya ɗauko wani abu ya dawo wa ido da shi, kuma tun da iska da sauran abubuwa masu garau suna isar da haske da launi zuwa ido da kansu, babu sauran aikin da tsirkiyar za ta yi. Bai jefar da mazurarin masana lissafi ba. Ya riƙe shi da dukkan lissafinsa, ya juya alƙiblar tafiyar kawai, daga abin kallo zuwa ido.

Kafin ya gina komai a kan wannan, sai da ya tabbatar da halayen haske ɗaya bayan ɗaya, ta hanyar abin da yake kira i'itibari, wato gwajin da aka shirya da gangan don a tabbatar da magana ko a rushe ta. Babban wurin aikinsa shi ne ɗaki mai duhu wanda aka toshe ko'ina aka bar 'yar ƙaramar huda. Idan rana ta shigo ta hudar, ƙura ko hayaƙin da ke cikin iska sukan bayyana hanyar hasken, kuma idan ɗakin ba shi da ƙura sai a miƙa sanda madaidaiciya ko a ɗame zare daga hudar zuwa inda hasken ya sauka, a bi shi da wani abu ɗigo-ɗigo, za a tarar hasken yana kan layin ko'ina. Bai gamsu da hasken rana kaɗai ba. Ya maimaita gwajin da hasken wata, da na taurari masu ƙarfi, da na wuta, da na asuba, da kuma hasken da farin bango yake mayarwa bayan rana ta doke shi, domin ya nuna cewa dokar ɗaya ce ga hasken asali, wato na abin da ke haskawa da kansa, da hasken aro, wato na abin da aka haska. Ya kuma nuna cewa launi yana tafiya tare da haske, domin idan aka kusanto da farin ƙyalle ga tufa mai launi da rana ke dukanta, launin yakan bayyana a jikin farin.

Gwajinsa na kyandirori ya cancanci a tsaya a kansa, domin mai sauraro zai iya yin sa a gida da dare. Ana jera kyandirori da dama a wurare daban-daban a gaban huda guda da ke buɗewa zuwa ɗaki mai duhu. A bangon da ke fuskantar hudar daga ciki za a ga ɗigon haske gwargwadon yawan kyandirorin, kowanne yana daura da kyandirinsa a kan layin da ya ratsa hudar, ta yadda na dama yake sauka a hagu, na sama kuma a ƙasa. Idan aka kare kyandir ɗaya, ɗigonsa kaɗai ne zai mutu, idan aka janye kariyar ya dawo. Abin da ya ciro daga nan shi ne cewa dukkan haskokin sun haɗu a cikin huda ɗaya sun wuce ba tare da sun cakuɗa ba, kuma wannan shi ne abin da ake bukata kafin a yarda cewa duniya mai faɗi za ta iya shiga ta ramin ido ba ta hargitse ba. A wata maƙala ta dabam kan siffar husufi ya yi bayanin dalilin da ya sa hasken rana da ya ratsa ƙaramar huda lokacin husufi yake sauka a bango da siffar jinjirin wata a juye, da yadda siffar ke komawa irin ta hudar idan aka faɗaɗa ta. Sau da yawa akan ji ana cewa shi ne ya ƙirƙiro kyamara, kuma wannan zuzutawa ce, domin masanan Sin sun lura da juyewar hoto a bayan huda tun kafin haihuwar Annabi Isa. Nasa aikin shi ne bayyana abin da lissafi da gwaji.

Sai dai karɓar cewa haske ne ke shigowa ido ya haifar da matsalar da ta fi ta farko wuya. Idan kowane ɗigo na abin kallo yana watsa haske ta kowace fuska, to kowane ɗigo na fuskar ido yana karɓar haske daga ko'ina a lokaci guda, kuma abin da ya kamata a samu shi ne ruɗani irin na kasuwa ranar da take ci, inda kowa ke magana ba a rarrabe muryar kowa. Mafitar da ya kawo ita ce, a cikin dukkan tsirkiyoyin da ke fitowa daga ɗigo ɗaya, guda ce tak take dira a kan fuskar ido a tsaye cak, ta shige ba tare da ta karkace ba, sauran kuwa suna dira a karkace ne, su lanƙwashe, su yi rauni. Idan aka ɗauki masu dira a tsayen kaɗai, kowane ɗigo na waje yana da ɗigo guda da ya dace da shi a cikin ido, bisa tsari, dama da hagu da sama da ƙasa. Wannan tunani na daidaita ɗigo da ɗigo shi ne ginshiƙin duk bayanin gani da ya biyo baya. Amma ya yi kuskure a wurin da hoton ke sauka, domin ya bi littattafan likitoci mabiya Jalinus, waɗanda suka ɗauka cewa ƙwallon nan garau da ke bayan baƙin ido, wanda yake yin fari idan yanar ido ta kama mutum, shi ne mai jin haske. Ya kuma ƙi yarda tsirkiyoyin su gitta juna a cikin ido, saboda yana ganin da haka ta faru da mutane sun riƙa ganin duniya a kife. Sai a shekarar 1604 Johannes Kepler na Jamus ya nuna cewa aikin ƙwallon shi ne tattara dukkan tsirkiyoyin ɗigo ɗaya, masu dira a tsaye da masu dira a karkace, ya haɗa su a kan tantanin da ke shimfiɗe a can bayan ido, kuma hoton a kife yake sauka; bayansa Christoph Scheiner ya feɗe bayan idon dabba ya ga hoton da idonsa.

Juzu'i na biyu da na uku sun shiga abin da a yau za a kira nazarin aikin ƙwaƙwalwa, kuma mai yiwuwa nan ne ya fi wuce zamaninsa. Ya lissafa siffofi 22 da ake riska ta hanyar gani, daga cikinsu akwai nisa da girma da motsi da kaushi da santsi da kyau da muni, sannan ya ce biyu kaɗai, haske da launi, ido yake ji kai tsaye; sauran duk hankali ne yake fitar da su ta hanyar kwatantawa da tunawa da yanke hukunci, cikin saurin da mai kallo ba ya sanin ya yi. Wanda ya iya karatu yakan gane kalmar da ya saba da ita da kallo ɗaya ba tare da ya bi harafi-harafi ba. Katantanwar da aka shafa wa launuka daban-daban, idan tana juyawa da sauri, launi ɗaya ake gani, abin da ke nuna cewa rarrabe launi yana bukatar lokaci komai ƙanƙantarsa. Nisa kuma ana ƙiyasta shi ne da jerin abubuwan da ke tsakanin mai kallo da abin kallo, shi ya sa mutum ba ya iya faɗin tsayin gajimare sai ya gan shi yana yanke kan dutse. A kan wannan ya gina bayaninsa na dalilin da ya sa wata yake zama kamar ya fi girma lokacin da yake fitowa daga gefen ƙasa fiye da lokacin da yake tsakiyar sama. Ya kuma ƙera allo mai layuka da 'yan sandunan kaki masu launi, wanda ake ɗorawa a karan hanci, don a gane lokacin da idanu biyu ke ganin abu guda da lokacin da suke ganinsa biyu.

Juzu'i na huɗu zuwa na shida sun shafi madubi da dawowar haske. Dokar cewa kusurwar da haske ya dira da ita daidai take da wadda yake tashi da ita tsohuwa ce, amma shi ya ƙera na'ura ta tagulla da katako mai hudoji da ma'auni, ya gwada dokar a kan madubai bakwai na ƙarfe: shimfiɗaɗɗe ɗaya, da masu siffar ƙwallo da ta bututu da ta mazurari, kowanne da mai tudu da mai kwari. Ya faɗi girman kowane sashe da yadda za a gyara shi, dalla-dalla har mai karatu yakan ƙosa, amma wannan tsawaitawa ita ce ta ba wani damar sake gwajin. A juzu'i na biyar ne matsalar da Turawa suka laƙaba wa sunansa take: idan an san inda ido yake da inda abin kallo yake, a wane ɗigo na madubi mai siffar ƙwallo haske zai dira ya dawo cikin idon? Tambayar gajeriya ce, amma a lissafin aljabara tana kaiwa ga ma'auni mai daraja ta huɗu, wato wanda adadin da ake nema ya ninka kansa sau huɗu, kuma ya warware ta ne da handasa zalla, ta hanyar gitta da'ira da wani lanƙwasasshen layi daga cikin waɗanda ake samu idan aka yanka mazurari. Masana irin su Christiaan Huygens na Holan da Isaac Barrow na Ingila suna ta neman gajeriyar hanya gare ta a ƙarni na 17.

Juzu'i na bakwai ya yi magana kan lanƙwashewar haske, wato karkacewar da yake yi idan ya fita daga iska ya shiga ruwa ko gilashi, abin da ke sa sanda ta zama kamar ta karye idan aka tsoma rabinta a randa. Ya ƙera faifan tagulla mai baki da aka raba zuwa digiri 360, ana tsoma shi a ruwa har tsakiyarsa, ya kuma bayyana cewa haske motsi ne da ke cin lokaci ko da ba a jin sa, kuma yana rage gudu a cikin abu mai kauri. An jira har shekarar 1676 kafin Ole Romer na Denmak ya kawo hujja daga taurari cewa gudun haske yana da iyaka. Amma Ibnul Haisam bai kai ga ainihin dokar lissafin lanƙwashewar ba, bai ma bar jadawalin awo ba, alhali Ibnu Sahal, wani masani a Bagadaza, ya riga ya yi amfani da wannan doka wajen shekarar 984 a rubutunsa kan gilasan ƙona abu, dokar da Willebrord Snell ya sake ganowa a 1621.

A fagen lissafi zalla, Ibnul Haisam ya nemo hanyar tara jerin lambobi da aka ninka kowanne da kansa sau huɗu, ya yi amfani da ita ya auna cikin wata siffa da ake samu idan aka juya farabola, wato lanƙwasar da dutse ke bi idan aka jefa shi, a kan gindinta, ya nuna cewa tana cin kashi 8 cikin 15 na gangar da ta kewaye ta. Ya yi rubutu kan gano alƙibla da lissafi da kuma kan hasken wata. A ilimin taurari kuwa ya rubuta Ashshukuk ala Baɗlamiyus, inda ya tattara saɓanin da ke cikin littattafan malamin da shi kansa yake kwafa kowace shekara don ya ci abinci. Babbar sukarsa ita ce Baɗlamiyus ya ƙaga wani ɗigo wanda ba shi ne tsakiyar falaki ba, ya ce daga nan ne tafiyar tauraro take daidaita, alhali babu wani jiki na gaske da zai iya juyawa haka, kuma tsarin da ya yi daidai a lissafi amma ba zai yiwu a halitta ba, a ganinsa, ba daidai ba ne. A gabatarwar littafin ya nuna cewa girman malami ba ya kare shi daga kuskure, kuma mai bincike ya wajaba ya tuhumi abin da yake karantawa, ya tuhumi kansa ma. Wannan matsala ta ɗigon ita ce Nasiruddin Ɗusi da Ibnush Shaɗir na Dimashƙa suka yi ta fama da ita daga baya, ita ce kuma ta dami Copernicus a littafinsa na 1543.

Abin mamaki shi ne Kitabul Manazir bai samu masu karatu da yawa a ƙasashen Musulmi ba na tsawon fiye da shekara 250, in ban da 'yan kaɗan kamar Almu'utaman ɗan Hud, sarkin Saragosa a Andalus, wanda ya yi mulki daga 1081 zuwa 1085 ya kuma shigar da wasu hujjojinsa cikin littafinsa na lissafi. A ƙarshen ƙarni na 12 ko farkon na 13 wani da ba a san sunansa ba ya fassara shi zuwa Latin, kuma daga wannan fassara Roger Bacon da John Pecham na Ingila da Witelo na Polan suka gina littattafan da jami'o'in Turai suka koyar da su. An fassara shi zuwa Italiyanci a ƙarni na 14, har mai sassaƙa Lorenzo Ghiberti na Fulorens ya ciro daga gare shi, sannan Friedrich Risner ya buga shi a birnin Basel a shekarar 1572, haɗe da littafin Witelo da wata maƙala kan hasken almuru da aka jingina wa Ibnul Haisam bisa kuskure, wadda daga baya aka gano ta Ibnu Mu'azu ce, wani alƙali a Andalus. A gabas kuwa, Kamaluddin Alfarisi, wanda ya rasu a 1319, shi ya farfaɗo da littafin da sharhinsa Tanƙihul Manazir, ya kuma ɗauki hanyar malamin ya gyara malamin: Ibnul Haisam ya ɗauka bakan gizo dawowar haske ce daga gajimare mai kwari kamar madubi, shi kuwa Kamaluddin ya cika ƙwallon gilashi da ruwa a matsayin ɗigon ruwan sama guda, ya sa shi a ɗaki mai duhu, ya nuna cewa haske yana lanƙwashewa da shigarsa, ya dawo daga bangon ciki sau ɗaya ko sau biyu, ya sake lanƙwashewa da fitarsa.

A shekarar 1647 Johannes Hevelius ya sa zanen Ibnul Haisam kusa da na Galileo a bangon littafinsa kan wata, akwai kuma rami a doron wata mai ɗauke da sunansa, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta tuna da shi a 2015, shekarar da ta keɓe wa haske. Laƙabin uban hanyar kimiyya da ake yawan ba shi ya fi ƙarfin kowane mutum guda, tun da Baɗlamiyus ma ya yi awon lanƙwashewar haske kafin shi, kuma gwaje-gwajensa sun fi karkata ga tabbatar da magana fiye da tara lambobin awo; abin da ya tabbata nasa shi ne ɗaure lissafi da bayanin halitta da sanin sassan ido a wuri guda, da kuma ƙin wuce kowace gaɓa sai an gwada ta. Sanin haƙiƙanin aikinsa daga asalin Larabci sabon abu ne: Musɗafa Nazif na Masar ya fitar da nazari mai juzu'i biyu a 1942 da 1943, Abdulhamid Sabra ya fitar da fassarar juzu'i uku na farko zuwa Ingilishi a 1989, Rushdi Rashid kuma ya tace rubuce-rubucensa na lissafi. Rashid ya kawo hujjar cewa tsofaffin marubuta sun haɗa mutum biyu wuri guda, Alhasan masanin lissafi da haske da wani Muhammadu ɗan Alhaisam mai falsafa da likitanci, Sabra kuwa ya ƙi wannan ra'ayi ya tsaya a kan cewa mutum ɗaya ne, kuma har yanzu masana tarihin kimiyya ba su haɗu a kan ɗaya ba.